Buyukada a hunturu, Uludag bayan ƙanƙara ta narke

Yayana ɗan kasuwar Kantin Kwari ne, sau biyu a shekara yake zuwa Istanbul saro kaya a unguwar Laleli. Ni kuwa karatu ya kawo ni garin, don haka duk zuwansa ni ne tafinta, ni ne ɗan rakiya. A wani zuwa da ya yi cikin Fabrairu muka gama ciniki da wuri, aka ɗaure diloli aka miƙa wa masu kago, ya rage masa kwana biyu kafin jirginsa ya tashi. Da safe muna shan shayi ya ce, "Auta, shekara nawa ina zuwa garin nan, ban san ko'ina ba sai shago da masauki. Yau dai ka nuna mini teku."

Na ce to mu je Buyukada. Shi ne mafi girma a cikin tsibirai tara da ke tekun Marmara kusa da Istanbul, sunan ma da Turkanci ma'anarsa babban tsibiri. Na taɓa zuwa sau ɗaya a watan Yuli, lokacin da kowa ke zuwa, kuma abin da na fi tunawa shi ne tsayuwar da na yi a jirgin ruwa tun daga tashi har sauka saboda babu wurin zama, sai layin mutane a bakin kowane shago.

Wannan karon da muka shiga jirgi a tashar Kabatash, benen sama kusan namu ne mu kaɗai. Tafiyar ta ɗauke mu kamar awa ɗaya da rabi, jirgin yana tsayawa a Kinaliada, Burgazada da Heybeliada, yana sauke mutum uku nan, biyar can, akasari mata da jakunkunan cefane da tsofaffi masu hular sanyi. Mai shayin jirgi ya kawo mana salep, wani abin sha mai zafi da kauri na madara da ake barbaɗa wa kirfa, wanda sai da sanyi ake yawan samunsa. Yaya ya kurɓa ya ce kamar kunun gyaɗa ne da aka rage wa nauyi. Tsuntsayen teku suka biyo mu, yana gutsuro burodin simit yana jefa musu suna cafewa a iska.

A tsibirin ba a yarda da motocin gida ba. Da can keken doki ake hawa, sai aka hana shi a 2020 bayan wata cuta ta ɓarke a tsakanin dawakin, aka kawo ƙananan motocin lantarki. Mu ƙafa muka zaɓa. Titunan da na sani a cike, ranar babu kowa a kansu sai kuliyoyi da wani ma'aikaci yana gyaran rufin gida. Manyan gidajen katako na masu kuɗin Istanbul duk a rufe, an ja tagogi, an lulluɓe kujerun lambu da tamfol. A gaban wani gida Yaya ya tsaya cak, ya kamo reshen wata bishiya mai furanni rawaya ƙanana kamar ƙwallo. "Wannan ai furen bagaruwa ne," ya ce. Bai yi nisa da gaskiya ba: mimoza ce, danginsu ɗaya, kuma a daidai ƙarshen hunturu take fure a tsibiran nan. Wanda ya zo a Yuli ba zai taɓa ganinta haka ba, ni ma ban san da ita ba sai ranar.

Muka hau tudu har inda wani ƙaton gini na katako yake, ya yi baƙi, rufinsa ya fara zubewa, an kewaye shi da waya. An gina shi a 1898 don ya zama otal da gidan caca, Sarki Abdulhamid na biyu ya hana izini, daga baya ya zama gidan marayu na Girkawa daga 1903 har aka rufe shi a 1964. Ana ƙidaya shi cikin gine-ginen katako mafi girma a duniya. Mun daɗe tsaye a wurin ba mai magana. Iska tana shiga ta tagogin da ba su da gilashi tana fita da wani irin kuka.

Iskar nan ce ta canza mana ranar. Tun da hantsi na ji ta, mai ɗumi-ɗumi, daga kudu maso yamma, har na ji daɗi don ta rage sanyi. Mutanen Istanbul suna kiranta lodos, kuma kowane yaro a tsibirin ya san abin da take yi wa tekun Marmara. Da muka sauko bakin ruwa bayan la'asar, igiyar ruwa tana dukan gaɓa tana fantsama har kan titi, an rubuta a allo cewa an soke jirage. Babu wanda ya iya cewa zuwa yaushe.

Hankalina ya tashi ƙwarai. Jirgin Yaya na Kano daren gobe ne, fasfonsa da sauran kayansa suna Laleli, ga shi ni na kawo shi. Na shiga waya ina neman masauki, uku na farko da na kira ba a ɗauka ba, na huɗu aka ce sai Afrilu za su buɗe. Yaya ya ce, "Bar wayar nan, mu je mu yi magariba tukuna."

Masallacin Hamidiye yana kan ɗan tudu a cikin unguwa, an gina shi a zamanin wannan sarkin dai da ya hana gidan caca. Sahu ɗaya ma bai cika ba. Bayan sallama wani dattijo ya tambaye mu daga ina, na ce masa, "Amja, jirgi ne ya bar mu." Amja shi ne baffa a bakinsu. Bai yi mamaki ko kaɗan ba. Ya sa takalminsa ya ja mu ta wani lungu zuwa wani ƙaramin masauki da wata iyali ke riƙe da shi duk shekara. Kuɗin ɗakin bai kai rabin abin da na san ana biya da bazara ba, amma an daɗe ba a kwana a cikinsa ba, sai da na'urar ɗumama ɗaki ta yi awanni kafin bango ya daina fitar da sanyi. Mai gidan ya zubo mana miyar adas mai zafi daga tukunyar iyalinsa, ya zauna tare da mu.

A hirar daren nan na fahimci tsibirin. Ya ce watanni huɗu na zafi su ke ciyar da sauran takwas. Masu kai abinci da masu wanke-wanke da masu ba da hayar keke, yawancinsu daga garuruwan gabashin ƙasar suke zuwa, da kaka ta yi sai su koma gida. Da na fassara wa Yaya sai ya gyaɗa kai ya ce, "'Yan ci-rani ke nan." Waɗanda suka rage su ne masu wurin: masunta, malaman makaranta, mai gidan burodi, liman, tsofaffin da ba su da wani gida sai nan.

Da asuba iska ta kwanta. Mai gidan ya ce kada mu jira jirgin Kabatash, mu bi na Bostanci, wata unguwar Istanbul a ɓangaren Asiya, don nan ne tsallakawa ta fi gajarta. Kafin azahar muna Laleli. Tun daga ranar ba na zuwa tsibiri da hunturu sai na duba hasashen iska, sai da tsabar kuɗi a aljihu da cajar waya da rigar kwana a jaka, kuma ba na kai baƙon da jirginsa ya rage ƙasa da kwana uku.

Daɗin da na ji a Buyukada ya sa na ɗauka ko'ina haka ne idan ba lokacinsa ba. A ƙarshen Mayu na ɗauki maiɗakina muka tafi Bursa don mu hau Uludag, dutsen da ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara daga Disamba zuwa Maris, mai tsawon mita 2,543. Hawan kansa ya biya kuɗinsa. Motar igiya da suke kira teleferik tana tashi daga Teferruc ta bi ta saman daji kusan kilomita tara, garin yana ƙanƙancewa a ƙarƙashinka. A Sarialan, tashar da motar igiyar ke tsayawa a kan hanya, muka tarar da mutanen Bursa da 'ya'yansu suna sayen nama a kilo suna gasawa da kansu, wuri ya yi ƙamshi.

Amma da muka ƙarasa unguwar otal-otal, inda ake zamiyar, sai na ga bambanci. Ƙanƙara ta narke sai ɗan fari-fari can a ƙololuwa, gangaren ya zama ciyawa da taɓo. Kujerun da ke ɗaukar masu wasa suna rataye a igiya ba motsi. Shagunan hayar takalman zamiya a kulle, otal da yawa a kulle, babu yaro mai jakar makaranta, babu mai shanya a baranda. Buyukada gari ne da baƙi ke ziyarta, idan sun tafi garin yana nan. Nan kuwa don baƙi aka gina shi tun farko, idan babu su babu dattijon da zai ja ka ta lungu. A ƙasa mun baro zafi, a sama hazo ya sauko da rana tsaka har ba ma ganin abin da ke taku ashirin gabanmu, maiɗakina tana rawar ɗari cikin mayafi mara kauri. Ta ce, "Maigida, mu sauka tun igiyar nan tana aiki." Ta fi ni gaskiya, don iska mai ƙarfi tana tsayar da ita kamar yadda lodos ke tsayar da jirgi.

Ban yi nadamar hawan ba, amma da zan sake, a Sarialan zan tsaya, da rigar sanyi ko da watan Yuni ne, in kwana a cikin Bursa. La'asar ranar a Ulu Jami muka yi ta, masallacin Sarki Bayazid na ɗaya mai ƙubba ashirin, da maɓuɓɓugar alwala a tsakiyarsa, cike da mutanen gari.

Bana da Fabrairu ya kama Yaya bai samu zuwa ba, kuɗin dala ya hana. Ya bugo mini daga shago, ana ta hayaniyar Kwari a bayansa, bayan gaisuwa ya ce, "Auta, bagaruwar nan ta tsibiri ta yi fure kuwa?" Na ce ban je ba tukuna. Ya ce in duba iska, in je, in gaishe masa da dattijon masallaci.