Maci fai a gidan ɗan St Helens

Talata, sha ɗaya saura na dare

Yanzu na shigo, ƙafafun nan kamar ba nawa ba, amma bari in rubuta wannan kafin barci ya kwashe ni don na san zuwa gobe na manta rabi.

Yau ma garin St Helens, nan arewacin Ingila, aiki ya kai ni, gidan dattijon nan da nake zuwa wa sau uku a sati in taimaka masa da wanka da karin safe da shan magani. Baba nake ce masa. Da farko ya ɗauka sunansa ne ya gagare ni faɗa, sai da na yi masa bayani cewa mu a wurinmu ba ka kama sunan sa'an kakanka gatsal. Shi kuma tun ranar da ya ji a Wigan nake zaune ya laƙaba min maci fai, wai haka ake tsokanar mutanen Wigan saboda son wannan gasasshen fulawar tasu mai nama a ciki. Na ce Baba ni fa ɗan Zariya ne, tuwo na sani, ya ce ba ruwansa, duk wanda ya kwana Wigan ya zama nasu.

To batirin abin jinsa ne ya mutu, ya ce in duba durowar ƙasa. Ina ta tono, tsofaffin rasit, maɓallai, makullan da ba wanda ya san ƙofarsu, sai ga wani ɗan littafi da gefensa ya yi ruwan ƙasa, irin wanda ake sayarwa a bakin fili ranar wasa mai sunayen 'yan wasa a ciki. Wasan ƙarshe na Kofin Lancashire na zari-ruga, 18 ga Oktoba 1992, St Helens da Wigan, a filin Knowsley Road. Ina ɗago shi Baba ya miƙo hannu, wallahi hannun har rawa yake. Shikenan, batiri ya bi ruwa, shayin da na haɗa masa ya huce a kan tebur.

Ni kafin in zo ƙasar nan abin da na sani game da zari-ruga bai wuce ƙarti na kokawa a kan ƙwallo mai kamar ƙwai ba. Ban ma san iri biyu ba ne. Tasu ta nan arewacin Ingila ita ce lig, mutum 13 kowane ɓangare, ɗayar kuma mai mutum 15. A lig in kun riƙe ƙwallo sau shida kawai za a kayar da ku sai ku miƙa wa abokan karawa, shi ya sa kafin na shidan sai ka ga an buga ta da ƙafa can nesa. In ka kai ta bayan layinsu ka danna a ƙasa, tirai kenan, maki 4. Bugun da ke biyo baya 2, fanareti 2, sai kuma wanda ake sakin ƙwallo ta taɓa ƙasa a ɗirka mata ƙafa ta bi tsakanin sanduna ana cikin wasa, shi maki 1 ne tal. Baba ya sa na maimaita wannan na ƙarshen sau biyu kamar ɗan makarantar allo, ban gane dalili ba sai da ya faɗi yadda aka tashi.

Wigan 5, St Helens 4.

Minti tamanin ba wanda ya ci tirai ko ɗaya. Na ce to Baba ai wannan wasan ba daɗi kenan, ya kalle ni kamar na zagi mahaifiyarsa. Ya ce yaro, ba ka san komai ba, ranar ba wanda ya ba wani ko taku ɗaya, kana jin ƙarar haɗuwar ƙashi daga inda kake tsaye. Mutum sama da dubu ashirin a filin, yawanci a tsaye, kuma a gidansu, wannan shi ne abin da ya fi ci masa rai. Duk makin Wigan biyar ɗin daga ƙafar mutum ɗaya suka fito, Frano Botica, ɗan Niyu Zilan da ya taso daga ɗaya zari-rugar, bugu biyu masu maki bibbiyu sai wancan mai maki ɗayan. Baba bai kiran sunansa sai ya haɗa da wata kalma da ba zan rubuta a nan ba.

Abin da ya ba ni mamaki, mutumin nan jiya da kyar ya tuna ko ya sha maganin dare, amma yau yana nuna min da cokali daga inda aka buga ƙwallon, kofin shayi sanda ɗaya, kwalbar magani ɗayar sandar.

Gasar sili ɗaya ƙwale ce, an doke ka ka tafi gida sai baɗi. Tun 1905 ake yin ta, Wigan ce ma ta fara ɗauka, kuma ta 1992 ɗin ita ce ta 21 a wurinsu, ba wanda ya kamo su. A farkon kaka ake bugawa, ƙungiyoyin wannan ɓangaren na yamma su kara a junansu, can tsallaken tsaunukan Pennines kuma 'yan Yorkshire na yin tasu, a rana ɗaya ma aka yi wasan ƙarshen, Wakefield Trinity ta doke Sheffield Eagles 29 da 16 a Elland Road na Leeds. Daga nan aka soke duka biyun wai wasanni sun yi yawa a kaka. Baba ya ce da suka fito daga fili ranar cewa suke ba komai, baɗi ma rana ce. Ashe babu baɗin. Kofin ya tafi Wigan ya zauna, ba damar ramuwa, kuma ina ganin wannan ne ciwon ba maki ɗayan ba. Gaskiya ni ma da na zauna na yi tunani ban ga hikimar kashe gasar da ta kusa shekara casa'in ba don kawai jadawali ya cushe, ai ragewa ake yi, amma wa ya tambaye ni.

Ya ɗan taɓo tarihi, yadda a 1895 ƙungiyoyin arewa suka taru a otal ɗin George da ke Huddersfield suka ɓalle daga ɗaya zari-rugar saboda an hana su biyan 'yan wasansu kuɗin aikin da suke rasawa ranar Asabar, alhali leburorin ma'adinin kwal ne da masaƙa, in ba su shiga aiki ba ba a ɗora tukunya. Shi kansa a kamfanin gilashi ya ƙare ƙuruciyarsa.

Sai can ya ce af, ai kai ɗan Najeriya ne, to naku ma na cikin masu laifi. Martin Offiah yake nufi. A Landan aka haife shi amma iyayensa 'yan Najeriya ne, a farkon 1992 ɗin Wigan ta sayo shi daga Widnes a kan fam 440,000, kuɗin da ba a taɓa biya wa ɗan wasan lig ba a lokacin. Yanzu haka yana cikin mutum biyar da aka yi wa mutum-mutumi a Wembley. Kunya ta kama ni wallahi, zan iya jero maka 'yan Super Eagles na 1994 har da na benci amma wannan bawan Allah yau na fara jin sunansa, daga bakin wanda ya tsane shi kuma. Ko da yake tsanar ma ta baki ce, don ya ce bai taɓa ganin mai gudu irinsa ba.

Na makara zuwa gida na gaba da kusan minti ashirin, an kira ni daga ofis an yi min 'yar magana, na ba da haƙuri. Batirin ma a aljihun rigar sanyinsa na same shi.

Da yamma Maman Hanif ta turo saƙo in biya in sayo albasa da madara. Na shiga Tesco ɗin nan na kusa da tsakiyar Wigan da nake zuwa kusan duk sati, sai maganar Baba ta faɗo min, ya ce nan ne Central Park, tsohon filin Wigan, sun bar shi a 1999, nasu Knowsley Road ɗin ma an rushe bayan 2010 an yi gidaje. Na fito na tsaya a wurin ajiye motoci da leda a hannu, yayyafi na sauka, ina ƙoƙarin gane ta ina sandunan suke, har wata mata ta danna min hon in ba ta hanya.

Na iso gida da albasa. Madarar na manta, kuma an riga an faɗa min abin da aka faɗa min.