Buhun wayar da na saya a Garwa

Watana uku da fara aiki a wurin sayen tsofaffin ƙarafa a Garwa ta Kamaru na tafka asarar da har yau abokan aiki ke tsokanata da ita. Maigida ya tafi sallar la'asar, sai ga wani da buhu cike da waya ja jawur, wai daga tsohon inji ya warware ta. Na kanga mayen ƙarfe, bai kama ba. Na ce shi ke nan, jan ƙarfe ne, na ɗora a sikeli na biya.

Da Alhaji ya dawo ko sikelin bai kalla ba. Ya ɗaga buhun da hannu ɗaya ya dire, ya ce, "Ɗana, jan ƙarfe cike da buhun nan ne zai ɗagu haka?" Ya sa wuƙa ya kankare wayar, sai ga fari a ciki. Alminiyam ce aka yi wa rufin ja. Na ce, "Baba, ai maye bai kama ba." Ya ce maye baƙin ƙarfe yake nema, ba ruwansa da jan ƙarfe, alminiyam ko dalma.

Abin haushin, na san wannan lissafi tun a makaranta, haddacewa kawai na yi don jarrabawa. Lita guda ta ruwa kilo 1 ce. Curin alminiyam mai girman litar nan kilo 2.7 ne, na baƙin ƙarfe kusan 7.9, jan ƙarfe ya kusa 9, dalmar da muke cirowa a batirin mota 11.3. Zinariya kuwa 19.3, amma wannan ba ta biyowa ta ƙofarmu. Wato jan ƙarfe ya ninka alminiyam fiye da sau uku. Da na tsaya na ji buhun a hannuna, da yaro ma ba zai cuce ni ba.

Sai daga baya na ga ashe baƙin ƙarfen da muke kambamawa bai kai jan ƙarfe nauyi ba in girmansu ɗaya. Da Alhaji ya faɗa min na musa, sai ya sa na auna kilo guda-guda na tsoma a kofin awo mai ruwa. Baƙin ƙarfe ya ɗaga ruwan wajen mililita 127, jan ƙarfe 112, dalma ko 90 ba ta kai ba. Alminiyam ta ɗaga 370, ruwa ya zube min a kan takalmi.

A wajen lodi ma lissafin ke aiki. Jarkar ruwa mai lita 20 mace na ɗaukar ta a ka. Curin baƙin ƙarfe mai girmanta kuwa ya haura kilo 150, nauyin buhun siminti uku. Lokacin kaka za ka ga motar auduga ta nufi kamfanin auduga na Sodecoton an yi mata tozo har sama, tamu ta ƙarafa ko rabin bodi ba ta kai ba amma tayoyi sun kwanta. Sabon direba yakan ce a ƙara, ai akwai wuri. Ni ma da haka nake cewa.

Wayar nan masu zubin tukwane muka sayar wa a farashin alminiyam. Alhaji ya riƙa cire ragowar kuɗin daga ladana kaɗan-kaɗan, sai da damina ta wuce na gama biya.