Daren da na goge hotunan Inna da hannuna

Ni tela ce, ina ɗinkin mata a gida a wajen Ƙofar Ƙaura cikin Katsina, kuma rabin sana'ata a waya take. Samfurin ɗinki, hotunan atamfa da leshi, har shafukan littafin awo da nake ɗauka don kada ya ɓace, duk suna ciki. Kusan wata uku wayar na nuna mini gargaɗi cewa ma'ajiyar Google ta cika, ni kuwa sai in ture shi in ci gaba da harkata. A ganina tunda waya na ɗaukar hoto, ai babu abin da ya lalace.

Maganar 'yata ce ta farkar da ni. Da imel ɗina ta cike takardun neman makaranta, muka yi ta jiran saƙo shiru, alhali ƙawayenta duk sun samu nasu. Na kira ƙanena da ke gyaran waya, ina gama bayani ya ce, "Yaya, ai in ma'ajiyar ta cika, Gmail ba ya karɓar saƙo, ba ya kuma aikawa." Ya ce giga 15 ake bai wa kowa kyauta, kuma Gmail da Drive (wurin ajiye fayiloli) da Google Photos duk daga tukunya ɗaya suke ci. Idan hotuna suka cinye, imel ma ya tsaya. Ya ce in bari da safe zai biyo.

Ban iya bari ba. Bayan isha'i, da yara suka kwanta, na buɗe Google Photos na gangara can ƙasa, zuwa 2018 lokacin da na buɗe asusun. Lissafina shi ne kowane hoto biyu ne, ɗaya a waya ɗaya a intanet, to in na cire na intanet ai na waya na nan. Na riƙa zaɓar kwanaki sukutum ina gogewa, 2018, 2019, 2020, ko tsayawa duba su ban yi ba. Wani rubutu ya fito da Turanci yana tambaya ko na tabbata, na karanta sama-sama na danna. Hotuna sama da dubu biyu suka tafi.

Na koma na duba, ma'ajiya na nan a cike yadda na bar ta. Sai na ce bari in leƙa hotunan cikin wayar kanta. Babu su. Na duba katin memori, babu. A nan gabana ya faɗi, don sai a lokacin na tuna cewa a 2022 na sayi wannan wayar, tsohuwar kuwa tuni aka wanke ta aka sayar. Waɗannan hotunan ba su taɓa zama cikin sabuwar waya ba. Hango su kawai nake yi daga ma'ajiyar intanet, kuma ita ce na share.

A cikinsu akwai hotunan Inna, Allah Ya jiƙanta da rahama. A 2019 muka kai ta Daura kallon Sallar Gani, ta ce ba za ta dawo ba sai ta sha ruwan rijiyar Kusugu. Akwai wani hoto da na ɗauke ta tana riƙe da kofi da hannu biyu, lallen yatsunta ya yi jawur, mayafinta ruwan toka ya zame gefe guda, tana dariya saboda na ce ta tsaya ta ƙi tsayawa. Inna ba mai son hoto ba ce, shi ya sa waɗanda muke da su ba su taka kara sun karya ba. A daren nan ban runtsa ba.

Da safe ko gaisuwa ban bari ƙanena ya gama ba na miƙa masa wayar. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Yaya, kin shiga kwandon shara kin zubar?" Na ce wane kwando? Ya sauke ajiyar zuciya, ya shiga ɓangaren tarin hotuna ya buɗe wani wuri mai alamar kwando, sai ga su reras. A lokacin, abin da aka goge daga ma'ajiyar yana kwana 60 a nan kafin ya tafi gaba ɗaya. Wanda bai taɓa hawa intanet ba kuwa kwana 30 yake yi. Ya zaɓe su ya danna a mayar, kowane ya koma ranarsa. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi, domin da na san da kwandon nan a daren, wallahi da na zubar da shi, tunda wuri nake nema ido rufe.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ya ce ko da sun tafi har abada, babu abin da zai ragu. Kafin 1 ga Yuni 2021, hotunan da aka ɗora a Google Photos da ingancin da ake ɗan matsewa ba a lissafa su cikin giga 15 ɗin, kuma har yanzu ba a lissafa waɗancan tsofaffin. Daga wannan rana ne aka fara ƙirga duk sabon abin da ya hau. Wato na ɗauki mafi daraja a cikin abin da na mallaka na jefar, alhali ko tsinke ba su tare mini ba.

Sai muka yi abin da ya kamata tun farko, muka buɗe shafin da ke nuna abin da ke cin wurin. Bidiyo ne a gaba. Bikin ƙanwar maigidana kaɗai, daga kamu zuwa yini zuwa kai amarya, na ɗauki bidiyo dogaye sun fi ashirin, mafi yawansu bayan kawunan mutane ne da hayaniya. Guda ɗaya a cikinsu ya fi ɗaruruwan hotuna nauyi. Bayan su sai kayan WhatsApp. Ashe na taɓa kunna wa jakar hotunan WhatsApp izinin hawa ma'ajiya, don haka duk furen barka da Juma'a, duk tallar kayan kicin, duk bidiyon da aka turo a zauren 'yan uwa da na ƙungiyar teloli, sai ya haye ya zauna. Wani bidiyon ma sau huɗu muka gan shi, daga zaure huɗu. Ga kuma ajiyar hirarrakin WhatsApp ɗin kansa, wadda a wayoyin Android aka fara lissafa ta cikin giga 15 daga farkon 2024, tawa kuma har da bidiyo take kwasa.

Akwai abin da nake so duk mai karatu ya riƙe, don a nan mutane da yawa ke faɗawa. In ka goge hoto daga cikin Google Photos alhali wayarka na haɗe da ma'ajiyar, daga wuri biyun yake fita, waya da intanet. Akwai kuma wani maɓalli na samar da sarari a waya, shi na cikin waya kawai yake cirewa ya bar na intanet, don haka ba ya rage cikar ma'ajiya ko kaɗan. Babu ɗayansu da ke yin abin da na zata a daren. Mai son ya rage na intanet bai yi asara ba, sai ya fara kwashe kayansa zuwa wani wuri. Ƙanena ya tafi da wayar shagonsa inda akwai intanet mai ƙarfi, ya sauke komai a kwamfuta ta Google Takeout, shafin da ake kwaso kwafin abin da mutum ya ajiye a Google, ya zuba mini a filas. Sai da na ga hotunan da idona a filas ɗin na yarda aka goge ko da abu ɗaya.

Sauran aikin bai ɗauki awa biyu ba. Muka cire dogayen bidiyo da hotuna masu dishi-dishi da hotunan allon waya, muka kashe hawan jakar WhatsApp, muka hana ajiyar hira kwasar bidiyo, muka zubar da sharar Gmail da ta Drive tunda su ma ana ƙirga su. Ya mayar da ingancin ɗora hoto zuwa na tsimin wuri, wanda ke tsayar da hoto a megafiksel 16. Ga mai nuna wa kwastoma zanen atamfa wannan ya isa har ya yi saura. Muka tashi da fiye da rabin ma'ajiyar a buɗe.

Ya yi mini maganar biyan kuɗin wata a ƙara mini zuwa giga 100. Ban ga laifin mai biya ba, musamman masu ɗaukar hoto a matsayin sana'a. Amma ni da na ga abin da ya cika tawa, ban ga dalilin da zan riƙa cire kuɗin ɗinki ina kama wa shara haya ba.

Saƙon makarantar dai bai dawo da kansa ba. Sai da 'yata ta je shagon kwamfuta ta shiga shafin makarantar ta ciro takardarta, saura kwana kaɗan wa'adi ya cika. Wannan ya dame ni, don sakacina ne ya kusa jawo mata.

A satin na zaɓi hotunan Inna goma sha biyu na kai aka wanke mini su a takarda. Na Kusugu na sa aka yi uku: ɗaya na aika wa Gwaggo, ƙanwarta, ɗaya na bai wa ƙanena, ɗaya kuma yana cikin firam a bango saitin keken ɗinkina. Da Gwaggo ta karɓi nata ta kira ni, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Mayafin nan ni na ba ta."