Rawar sitiyari ta tsaya, ashe ba balansin ba ne

Alhamdu lillahi, 'yan uwa, Camry ɗin nan ta daina karkarwa. Ƙirar 2018 zuwa sama ce, mai rim 17, aka mayar da ita 18 na alo, wato rim na alminiyam. Cikin gari lafiya lau, amma da an hau titin Gusau allura ta kai 90 zuwa 110 sai sitiyari ya kama ɓari har hannu ya yi tsami. An yi balansin, an sake, an musanya tayoyin gaba da na baya, injin yana nuna sifili, mota tana rawarta. Kuɗin da aka zuba a wurin mai balansin ya fi kuɗin abin da ya magance matsalar, kuma wannan ne ke ci mini rai.

Mai sayar da rim abu ɗaya yake dubawa: ramuka biyar sun shiga? Sun shiga, domin tsarin ramukan Camry 5x114.3 ne, sabon rim ma haka. Amma ku juya rim ku dubi babban ramin tsakiya. Leɓen hob na Camry, wato ƙarfen da ake ɗaura rim a kansa, milimita 60.1 ne, kuma rim ɗin kamfani an huda shi daidai wannan leɓen, yana hawa ɗam babu wasa. Rim na kasuwa kuwa, saboda ana so ya shiga motoci iri-iri, yawanci 73.1 ake huda shi. Tazarar milimita 13 ke nan, 6.5 a kowane gefe. To me zai daidaita shi a tsakiya? Sai noti kaɗai. A kan injin balansin, mazugin ƙarfe ne ke riƙe rim ta tsakiya, shi ya sa injin ba ya ganin komai. A jikin mota kuwa, ko rabin milimita ya karkace, taya ta koma tana juyawa kamar faifan da aka huda a gefe, kuma babu dalmar da za a liƙa ta gyara wannan.

Maganin zobe ne guda huɗu, 73.1 a waje, 60.1 a ciki. Akwai na roba, akwai na alminiyam. Da zafin da muke sha a Sakkwato daga Maris zuwa Mayu, ga zafin birki a kai, ni na alminiyam na fi yarda da shi. Na roba in ya daɗe yakan bushe ya tsage wajen cire taya. Kafin sawa a kankare tsatsa da ƙurar da ta daskare a fuskar hob da buroshin ƙarfe, a shafa giris kaɗan a leɓen kawai, ban da jikin kusoshin. Zoben ya shige bayan rim har ya yi daidai da fuskarsa. In ya ɗan turo, rim ba zai kwanta ba, kun ƙara matsala ke nan.

Da zoben ya shiga rawar ta ragu sosai, amma ba ta mutu ba. Saura noti. Notin da Toyota ke sa wa rim ɗinta na alo mai faffaɗan gindi ne da washa, yana da ɗan wuya da ke shiga cikin ramin. Ramin rim na kasuwa kuwa a gangare yake, digiri 60, noti mai tsinin baki yake so. In aka ɗaura tsohon noti a kai, washar bakin ramin kawai take cizo, za ku ga ta bar zagayen ƙarzuwa mai ƙyalli a jikin fenti. Yana ɗauruwa, sifana tana nuna ya yi ƙarfi, amma bai zauna ba, kuma irinsa ne ke kwancewa a hanya. Abin da ake nema noti mai zare M12x1.5 mai tsinin baki, guda ashirin. Kada wani ya miƙo muku na Honda don zaren ɗaya ne. Gindinsa a dunƙule yake, ba zai kwanta a gangaren ba. Ku ajiye tsofaffi biyar a but saboda safaya.

Ɗaurin ma da nasa. Mota tana kan jak, a fara da hannu, kowane noti ya yi aƙalla zagaye takwas, a bi su a tsallake ba a jere ba. Sai an sauke a ƙarasa da sifana mai awo a kan 103 Nm. Yaron mai faci da ke hawa kan sifana da ƙafa yana tsalle, ku yi masa magana da daɗi ya sauka, kusoshi yake miƙarwa. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake bi.

Girman taya bai ba da wahala ba. 215/55R17 tsayinta gaba ɗaya kusan milimita 668, 235/45R18 kuma kusan 669, saboda haka allurar gudu ba ta yi ƙarya ba. Lambar nauyi da gudu 94V, kada a sauka ƙasa da haka. Na so 19, amma kaurin gefen taya zai sauko daga milimita 118 zuwa 94, kuma rami ɗaya a hanyar Illela ya isa ya lanƙwasa bakin rim. A 18 ana da 106, da sauƙi. Lambobi huɗu na ƙarshen lambar DOT da ke gefen taya su ne mako da shekarar da aka ƙera ta, 2223 na nufin mako na 22 a 2023. Sabuwar taya da ta shekara uku a shago tana shan rana ba sabuwa ba ce. A nemi mai harafin A a wurin jure zafi.

Abin da ya rage shi ne ET, lambar da ke nuna yadda rim ya shige ciki ko ya fito waje. Tsohon rim 7.5J (faɗin inci 7.5) ET45 ne, sabon 8J ET35, wato ya fito waje da kusan milimita 16. Da mutum biyu babu komai, amma in an cika kujerar baya da but aka faɗa kwari, ana jin gefen taya na baya yana lasar robar cikin madigadi. ET40 zuwa 45 ne ya dace da faɗin 8J a motar nan. Yanzu an shafa alli a kafaɗar tayar, za a loda mota a zaga Western Bypass a ga inda ya goge, in roba ce kawai a ɗumama ta a tura ciki, in ƙarfe ne kuma sai a koma wurin mai rim a yi maganar musanya.