Pro Recco, ƙungiyar ɗan ƙaramin gari

Yau ƙanena ya miƙo min wayarsa ya ce, "Yaya, kalli wannan." Ashe wasan ƙwallon ruwa ne na Pro Recco ta Italiya, an nutsar da kyamara ƙarƙashin ruwa. Daga sama hannu ɗaya kawai kake gani riƙe da ƙwallo, amma ƙasa ƙafafu ne ke ta juyawa ba hutu, babu mai taka ƙasan wurin, wani ma ya damƙe kamfan abokin hamayya yana ja. Kashi huɗu ake bugawa a haka, kowanne minti 8. Wallahi sai da na ji gajiya a cinyata ina zaune.

Garin nasu kuwa, Recco, yana bakin teku kusa da Genoa, mutanensa wajen dubu goma. Bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu sun kusa shafe shi saboda gadar jirgin ƙasa. An kafa ƙungiyar a 1913, ta fara zama zakarar Italiya a 1959 da ɗan wasanta Eraldo Pizzo, wanda ya ci zinaren Olamfik a Roma a 1960. Zuwa 2023 sun ɗauki kofin zakarun Turai sau 11. Ni dai abin da ke ba ni mamaki, shekara 15 kacal ke tsakanin garin na kango da kofinsu na farko na Italiya.