Ido ba mudu ba ne: abin da ledar auna jini ta koya mana a ɗakin haihuwa

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A ɗakin haihuwa na koyi cewa rabin maganar ne kawai gaskiya. Idan jini ya bi zani, ya shiga katifa, ya gauraya da ruwan haihuwa, wani ya malala ƙarƙashin gado, idon ungozomar da ta fi kowa ƙwarewa ma ba ya sanin ƙimarsa, kuma kusan kullum ragewa yake yi. Shekara da shekaru muna rubuta "jini daidai" a katin mai jego alhali ta zubar da abin da ya haura rabin lita.

Binciken da ya tona wannan shi ne wanda ake kira E-MOTIVE, da aka wallafa a watan Mayun 2023. Jami'ar Bamingham ta Ingila ce ta jagorance shi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, a asibitoci 80 na Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da 210,000 da suka haihu da kansu ba ta tiyata ba. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano ce ta riƙe ɓangaren Nijeriya. A asibitocin da suka ci gaba da aiki yadda aka saba, kashi 51 cikin 100 na matan da jininsu ya wuce ƙa'ida kawai aka gane. Kusan rabi ke nan suka wuce ba a lura ba. Inda aka shimfiɗa leda mai ma'auni kuwa, aka kuma haɗa magunguna a lokaci guda da zarar an gane, an gane kashi 93. Zubar da ta kai lita ɗaya, ko buɗe ciki don tsayar da jini, ko mutuwa saboda jini, sun sami kashi 4.3 na mata a rukunin farko, suka sauko zuwa kashi 1.6 a na biyu. Raguwar kashi 60 cikin 100 ke nan, kuma babu sabon magani ko ɗaya a ciki. Duk magungunan mun daɗe da su a kabad.

Ledar ba wani abin mamaki ba ce. Shimfiɗa ce da ake sawa a ƙarƙashin mai haihuwa a ɗaure a ƙugu, ƙarshenta na da aljihu mai siffar mazurari da aka zana wa lambobi. Amma amfaninta ya dogara ga ƙananan abubuwa da ake yawan kuskurewa. Ba a buɗe aljihun sai jariri ya fito, kafin mabiyiya ta faɗo. Idan aka buɗe da wuri ruwan haihuwa zai cika shi, a ɗauka jini ne. Dole aljihun ya rataya a bakin gado, domin idan yana kwance a kan katifa lambar da za a karanta ƙarya ce. Gudajin jinin da ya tsaya a kan shimfiɗar a share shi da hannu zuwa cikin aljihun. Sannan a duba kowane minti 15 a cikin awar farko, tare da bugun zuciya, awon jini (wato na hawa ko faɗuwar jini) da taurin mahaifa, a rubuta. Idan jinin bai ɗauke ba a bar ledar har awa biyu. Inda ledar ta ƙare, sikelin jarirai ya isa: a auna audugar da tsumman da suka jiƙe, a cire nauyinsu na bushe, kowane giram ɗaya a ɗauke shi kusan mililita ɗaya.

Ƙa'idar fara magani biyu ce. Jini ya kai mililita 500, ko kuma ya kai 300 tare da wata alamar da ba ta yi kyau ba, kamar bugun zuciya ya haura 100 a minti, lambar sama ta awon jini ta faɗi ƙasa da 100, mahaifa ta yi laushi, ko jini na fita guda-guda. A ganina ta biyun ce ta fi muhimmanci a wurarenmu. Matar da ta shigo naƙuda da ƙarancin jini ba ta da rarar da za ta jira a kai 500. Kuma jikin mace mai ƙuruciya yana ɓoye asara: awon jininta zai tsaya daidai har sai ta zubar da mai yawa, sannan ya rufta lokaci guda. Bugun zuciya ne ke fara tona asiri. Wanda ya tsaya jiran awon jini ya faɗi, ya makara.

Darasin da ya fi wahalar shiga kai shi ne barin bin matakai ɗaya bayan ɗaya. A da an koya mana a murza mahaifa a jira, a yi allura a jira, idan bai tsaya ba a gwada na gaba. Jijiyoyin mahaifa a ƙarshen ciki suna ɗaukar jinin da ya kai rabin lita ko fiye a kowane minti, don haka kowane "bari mu gani" yana da tsada. Sabon tsarin ya ce a haɗa komai a cikin minti 15 da ganewa, ba tare da jiran sanin musabbabi ba. A murza mahaifa ta saman mara har ta yi tauri. A ba da oksitosin, maganin da ke sa mahaifa ta tsuke, yunit 10 ta jijiya a hankali, a bi shi da yunit 20 a cikin lita ɗaya ta ruwa ya tafi cikin awa huɗu. A ba da tiranesamik asid, maganin da ke hana jinin da ya daskare narkewa, giram ɗaya ta jijiya cikin minti 10. A sa ƙarin ruwa, da babbar allura, a buɗe hanya ta biyu idan da hali. Sannan a duba da fitila mai kyau: akwai yagewa a gaba ko a bakin mahaifa, mabiyiya ta fita cif ko wani yanki ya maƙale, mafitsara a cike take? Cikakkiyar mafitsara kaɗai tana hana mahaifa tsukewa, robar fitsari kuma ba ta ɗaukar minti biyu. Idan jini ya ƙi, a kira babban ma'aikaci nan take, a matse mahaifa da hannu biyu kafin ya iso, a fara shirin ƙarin jini da tiyata ko tura ta babban asibiti.

Tiranesamik asid yana da agogonsa. Binciken WOMAN na 2017, kan mata kusan 20,000 a ƙasashe 21 har da Nijeriya, ya nuna yana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka ba da shi cikin awa uku da haihuwa. Bayan awa uku ba a ga amfaninsa ba. Lissafin daga lokacin haihuwa yake farawa, ba daga lokacin da aka iso asibiti ba, don haka matar da ta haihu a gida aka kawo ta, tambayar farko ga 'yan rakiya ita ce ƙarfe nawa jaririn ya faɗo. Idan jini ya ci gaba bayan minti 30, ko ya dawo cikin awa 24, ana ƙara giram ɗaya. A tura shi a hankali, domin gaggawa na faɗar da awon jini. Kuma kada a taɓa ajiye shi kusa da allurar kashe ƙafa da ake yi a gadon baya; kwalabensu na kama da juna, an sha rikita su a ɗakunan tiyata, an rasa rayuka, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a 2022.

Akwai iyakar da shi ma ya tsaya. An yi fatan ba da shi tun kafin jini ya ɓalle zai kare mata masu ƙarancin jini. Binciken WOMAN-2 na 2024, kan mata kimanin 15,000 a Nijeriya, Pakistan, Tanzaniya da Zambiya, bai ga ya rage zubar ba. Gyaran ƙarancin jini aikin lokacin awo ne: a auna jinin mai ciki, a ba ta maganin ƙarin jini, a kare ta daga zazzaɓin cizon sauro.

Abin da ya fi damuna shi ne ingancin oksitosin. Maganin na son sanyin firij, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya gwada samfuran da aka tattaro a sassan Nijeriya, kusan kashi uku cikin huɗu suka faɗi gwajin inganci. Kwalbar da ta kwana makonni a aljihun tebur cikin zafin bazara kamanninta ba ya canzawa, ƙarfinta ne ke tafiya. Shi ya sa za ka ga ana yin allura biyu ko uku ana cewa ɗaya ba ta aiki. Inda wuta ba ta tsayawa, akwai karbetosin, makamancin oksitosin mai jure zafi, wanda binciken 2018 kan mata kusan 30,000 a ƙasashe goma ya nuna yana kare zubar jini daidai da oksitosin, a maikirogiram 100. Sai dai na rigakafi ne a lokacin haihuwa, ba a ba da shi don tsayar da jinin da ya riga ya ɓalle. Ga jinin da ya ɓalle, idan babu oksitosin mai kyau, misofurostol maikirogiram 800 a ƙarƙashin harshe ne madadin, a kuma bar shi a cikin ƙunshinsa har lokacin amfani domin danshi na lalata shi. Ergometirin kuwa, wani maganin tsuke mahaifa, ba a kusantar da shi ga mai hawan jini.

Masu binciken ba leda kawai suka raba ba, kuma nan ne masu kwaikwayo ke yin tuntuɓe. Kowane ɗakin haihuwa ya sami akwati ko keken da aka tara duk kayan a wuri guda, ana duba shi a cike gurbin abin da ya ƙare. An ba ungozomomi ikon fara maganin gaba ɗaya ba sai likita ya zo ba. An riƙa yin atisaye a cikin ɗakin da kansa, ana kuma nuna wa ma'aikata alƙalumansu na kowane wata. Asibitin da ya sayi leda amma tiranesamik asid na kulle a kantin magani da dare, ko sai miji ya je ya biya an kawo rasit, ba zai ga kashi 60 ɗin nan ba, domin minti 15 ɗin za su ƙare a kan hanyar zuwa wurin biyan kuɗi. A haɗa kayan mace ɗaya a jaka guda, magunguna, ruwa, allurai da robar fitsari, a ajiye a ɗakin haihuwa, oksitosin na cikin firij ko akwatin ƙanƙara kusa da shi, a yi amfani da su tukuna, lissafin kuɗi ya biyo baya.