Wata na uku

Lokacin da aka damƙa min rajistar masu tarin fuka a ƙaramin asibitinmu na karkara, na ɗauka duk wahalar aikin a gano cutar take. Na haddace alamominta kamar karatun allo: tarin da ya kai mako biyu bai tafi ba, zazzaɓin yamma, gumin dare, rama. Na koyi zama da mutum in nuna masa yadda ake kawo kaki, don da yawa in ka ba su robar sai su dawo maka da miyau zalla. Ya kurkure baki, ya ja dogon numfashi sau biyu ko uku, ya yi tarin daga can ƙasan ƙirji, kuma a fili, ba a banɗaki ba. Mai babur ya kai robar babban asibiti inda na'urar GeneXpert take. Cikin kamar awa biyu take gano ƙwayar cutar, ta kuma faɗi ko ta bijire wa rifampicin, wanda shi ne jigon magungunan. Gwajin kyauta ne, maganin ma haka.

Duk wannan na iya shi cikin 'yan watanni. Abin da ban iya ba sai da wani magidanci ya koya min.

Ya zo mana ƙarshen damina, ƙanensa na riƙe da shi, riga na lilo a jikinsa. Sun sha yawon kemis, sun sha na masu maganin gargajiya, don an ce musu sammu ne. Gwaji ya nuna tarin fuka. Na ɗora shi kan magani yadda aka koya min: wata biyu na farko haɗin magani huɗu, sannan wata huɗu na rifampicin da isoniazid, kowace safiya kafin karin kumallo. Na gaya masa fitsarinsa zai yi ja, kada ya tsorata. Har gidansa na je. Na tarar uwargida ta ware masa kwano da kofi, amma su biyar suke kwana a ɗaki ɗaya, an toshe tagar da tsumma. Wannan har yau yana damuna a gidaje da yawa. Cutar nan ba ta bin kwano, iska take bi idan mai ita ya yi tari ko atishawa, kuma rufaffen ɗaki shi ne abin da take so. Muka cire tsumman tare.

Ya sha maganinsa ba fashi. Tari ya lafa, kumatu suka ciko, sikeli ya fara hawa. A wata na uku sai ban gan shi ba. Na kira layinsa, a kashe. Aka ce ya tafi ci-rani Legas. Na ji haushi ƙwarai, na rubuta a rajista cewa ya daina zuwa, na rufe littafin.

Bayan wata bakwai aka dawo da shi yana tarin jini. Wannan karon na'urar ta nuna cutar ta bijire wa rifampicin. 'Yarsa mai shekara uku ma ta kamu. Na fara yi masa faɗa, sai ya ɗago kai a hankali.

"Likita, kai ka ce in sha wata shida. Amma ba ka tambaye ni me iyalina za su ci ba. Hatsin da na girba bai kai mu rani ba."

"To Malam, ai da ka gaya min, sai in rubuta maka takardar sauya asibiti. Ko'ina a ƙasar nan za ka karɓi maganin nan kyauta, har Legas ɗin."

Ya yi shiru. Can ya ce, "Wa ya faɗa min?"

Takardar nan tana cikin durowar teburina duk tsawon lokacin. Na yi masa bayanin ƙwayar cuta, na yi masa na launin fitsari, amma ban taɓa tambayarsa inda zai kasance bayan kaka ba, alhali na san rabin mazan garin nan tafiya suke yi da an gama girbi. Mutumin da ya ji ƙarfi ya dawo masa, yana ganin rumbu na ƙarewa, ba taurin kai ne ke fitar da shi ba.

An tura shi cibiyar masu tarin da ya bijire wa magani. A da irin wannan jinya kan kai wata 18 zuwa 24, da allurai masu kurumtar da wasu. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin ƙwayoyi na wata shida, ba allura. Ya warke, yarinyar ma ta warke, amma ba ya iya doguwar huɗa yanzu, numfashi ke tsayar da shi.

Yanzu ranar farko, kafin in buɗe kwalin magani, nakan tambayi mutum sana'arsa, da inda zai yi rani, da kuɗin motarsa zuwa nan, da wanda zai tsaya masa a gida. In karɓi lambar waya biyu, tasa da ta ɗan'uwansa. In fito da takardar sauya asibiti in ɗora a tafin hannunsa ya gan ta da idonsa. Ranar da zai cika wata biyu kuwa, na sa mata jan biro a kalandar bango.